Kafaɗa ta Huɗu

Zuwa ga ƙanena Nilim,

Ina gaishe ka gaisuwar wa ga ƙaninsa, da fatan takardar nan ta iske ka lafiya, kai da matarka Juri da yara. Ubangiji ya tsare ku daga sanyin Sweden, ya ba ku lafiya da kwanciyar hankali. Mu nan muna yadda ka san mu. Ciwon sugan matata Bina ya ɗan lafa, ɗanmu Anjan ya gama jarrabawa yana jiran sakamako, yayarmu Minoti kuma tana fama da ciwon baya. Inna cin abincinta kaɗan ne, barci ya yi yawa, amma hankalinta garau. Likita ya ce zuciyar ta gaji, da wuya ta ga damina mai zuwa. Na zaɓi in rubuto ne saboda a waya ba ka barin mutum ya kai ƙarshen magana, ni kuwa aikin jarida ya koya mini in jera abu yadda ya faru kafin in faɗi buƙatata.

Kwanaki ka gaya mini jam'iyyar da ke son baƙi su tattara su tafi ta ƙara ƙarfi a can, har maƙwabcinka ya daina amsa gaisuwarka. Ai abin da ke faruwa a ƙauyenmu ke nan, sai dai a nan mu ne masu gida. A zaɓen da ya wuce sabuwar jam'iyyar nan ta share yankinmu kaf. Ba zan ce mutanenmu mugaye ba ne. Kogi ya cinye gonaki, samari masu digiri suna zaman gaban shago, dattawa suna tsoron kada jikokinsu su wayi gari ba mai jin harshen Assam. Sai aka zo aka nuna musu Musulmin tsibiran kogi masu yaren Bengali, aka ce duk jiya suka tsallako iyaka. Ritu ɗan Minoti shi ne shugaban matasan jam'iyyar a nan. Gab da girbi aka yi taro a namghar, ɗakin ibadarmu, aka yanke cewa duk gidan da ya ɗauki mutanen tsibiri aiki ko ya ciyar da su za a ware shi. Ba mai cin abincinsa, ba mai zuwa masa waƙar ibada, ba kuma mai ɗaukar gawarsa.

Ka tuna Ainal, mutumin tsibirin nan, wanda ubansa ke yanke wa Baba shinkafa, shi kuma ya koya maka kamun kifi da kwando. Shinkafa na nuna sai ga shi da 'ya'yansa biyu, laujensu naɗe cikin tsumma kamar kullum. Na tare shi a ƙofa da niyyar in lallashe shi ya koma, bana kaɗai. Ban kai ga buɗe baki ba Inna ta ɗaga murya daga baranda, ta kira shi ƙaton banza, ta ce tun yaushe ya zama baƙo da zai tsaya a ƙofa yana sosa ƙeya. Ya ce mata ya ji labari tun a mota, bai zo jawo mata fitina ba, gaisuwa kawai zai yi ya juya. Ta ce to ita shinkafarta ba ta je taron ba, ta nuna, ya shigo ya sha shayi tun bai huce ba.

Suka yanke gonar tas. Ranar cin sabuwar shinkafa kuma ka san dokar gidan nan, ba mai ɗanɗanawa sai waɗanda suka yanka sun zauna kan tabarma. Bina ta ba da shawara a shimfiɗa musu a bayan gida. Inna ta ƙi. A tsakar gida aka shimfiɗa, inda duk mai wucewa a hanya zai gani, kuma ita da kanta ta zuba wa Ainal a ganyen ayaba, da miyar kifi mai tsami, tana yi masa tsiya wai ya tsufa har ɗansa ya fi shi cin tuwo.

Washegari Ritu ya shigo idonsa jajur. Ya durƙusa ya taɓa ƙafarta, ya ce Kaka ta kashe shi a gari, amma ya samo mafita: ta ɗauki tiren tamul, goronmu na ban girma, ta kai namghar, ta durƙusa ta nemi afuwar jama'a, magana ta mutu. Ta ce masa gwiwoyinta sun daina lanƙwasuwa tun kafin ya iya ɗaura wando. Ta kuma tambaye shi wace iyaka Ainal ya tsallako, alhali ita ta cire masa ƙaya a ƙafa yana ɗan yaro, a kan dakalin nan da shi Ritu yake zaune. Sai ya juyo kaina, ya ce Kawu, ku 'yan jarida ku kuka sayar da ƙasar nan da daɗin baki. Na ce masa kakannin Ainal suna tsibirin nan tun zamanin Turawa. Ya ce kowane gida yana da nasa Ainal mutumin kirki, kuma da haka ƙasa ta tafi. Bai tsaya jin ta bakina ba, ya fice. Kada ka tsane shi, Nilim. Yaron nan shekara nawa yana zagayen neman aiki, kuma waɗannan mutane ne farkon waɗanda suka ba shi kujera suka saurare shi.

Tun ranar ƙafa ta ɗauke. Matan da ke zuwa saƙa da hira sun daina. Minoti takan biyo ta cikin gorar bayan gida, ta zauna jim kaɗan ta gudu. Inna tana nuna ko a jikinta, amma ta sa an juya mata kujera tana fuskantar hanya. Matar da ta yi rayuwarta tana jan waƙa a namghar, rannan da aka fara kaɗa ganga da yamma sai ta ce in rufe taga, wai iska na damunta.

A makon jiya ta tambaye ni kai tsaye wa zai ɗauki gawarta. Muka zauna muka lissafa. Akwai ni, akwai Anjan. Malam Golap, tsohon malaminmu na firamare, ya aiko cewa a sa da shi, wai ba abin da ya rage a raba shi da shi sai haƙora biyu. Na je wurin Ritu da kaina. Ya yi kuka, ya ce shi ya karanta dokar a gaban jama'a, ba zai zama farkon mai karya ta ba. Ainal ma kafin ya tafi ya ce a aika masa ko yana ina, zai zo ya ɗauki gefe ɗaya. Inna ta hana, ta ce ba ta so a fasa masa kai a kan hanyar kai gawarta wurin ƙonawa. Da ya ga ta kafe, sai ya shiga gora ya saro waɗanda suka isa makara, ya fere su, ya jingine a bayan garken shanu, ya ce mini don kada mu roƙi kowa ranar.

Itacen ƙonawa zan iya saye, masu waƙa zan iya ɗaukowa daga birnin Jorhat. Na ce mata ko mai ɗauka ma ana samu a birni. Ta ce ba za ta haifi 'ya'ya maza biyu ba sannan ɗan haya ya kai ta wuta. Na san hutu yana da wuya a wurin aikinka, na kuma san kana gudun barin Juri da yara su kaɗai a irin wannan lokaci. Duk da haka ina roƙonka ka zo, kuma kada ka jira sai na bugo waya, domin a ƙasar nan gawa ba ta jiran jirgi. Ka zo tun tana iya zaginka da bakinta.

Ka gaishe mini da Juri, ka shafa kan Mridu da Pahi. Bina da Anjan suna gaishe ku, Minoti ma, ta ce a ce maka ka yafe wa ɗanta. Inna ba ta san na rubuto ba. Makara kusurwa huɗu gare ta, Nilim, mu kuwa uku ne.

Naka wanka,
Bhabesh