Ledar da Aka Ɗaure da Jan Ƙyalle

Zuwa ga angona, hasken idona,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya, kai da abokan aikinka na tashar da ke ƙona shara don samar da lantarki. Direban motar sharar unguwarmu zai miƙo maka wannan, ya rantse ba zai karanta ba.

Yau kwana goma sha biyu kana kwana a masaukin ma'aikata. Na san dalili. Ranar da ka shigo ina karatu, na toshe hanci na ce, “Shi jarumin littafin nan ko gumi ya yi, turare yake.” Wallahi wasa nake. Ka yi dariya, amma na ga ka koma banɗaki ka yi wanka karo na biyu, kuma ba ka zauna kusa da ni ba.

Ɗakin ya yi min faɗi. Ka dawo, don Allah.

Taka har abada,
Amaryarka

*

Amarya,

Wa'alaikumus salam. Lafiya lau. Ba fushi nake ba, aiki ne. Ruwan sama ya jiƙa shara, tanderu ba ya ci da kyau, tururi ya yi ƙasa, injin ba ya ba da wuta yadda ake so. Muna tsaye a bakin bel ɗin da ke jan shara zuwa tanderu muna tsince ƙarfe da kwalba tun safe.

Kuma gaskiya kika faɗa. Warin nan sabulu ba ya fitar da shi, na gwada kala uku. A nan kowa haka yake, ba wanda nake takura wa.

Ki gaida Inna. Ki riƙa cin abinci.

Mijinki

*

Angona,

Gaisuwa mai yawa. “Ba wanda nake takura wa”? Wannan layin sau bakwai na karanta shi, na yi kuka har Inna ta leƙo ta ce ko jarumin littafi ne ya sake mutuwa.

Jiya da yamma na ɗaga kai na kalli ƙwan lantarki. Duk littafin da na karanta a ɗakin nan, da wutar da ka tsaya cikin shara ka samar na karanta shi. Su jaruman me suka taɓa kunna min?

Na kwashe littattafan duka, har wanda ya rage min babi biyu, na zuba a leda na ba motar shara. Ka ce tanderu na neman busasshen abu. Ga shi nan, a ƙona. Ba za su sake shiga tsakaninmu ba.

Taka,
Amarya

*

Ke Amarya!

Sallama a gurguje. Wasiƙarki ta same ni bayan an juye motar. Na ruga bakin bel. Ɗaruruwan ledoji, duk baƙaƙe, amma mutum ɗaya na sani a garin nan da ke ɗaure shara da jan ƙyalle kamar za ta kai kyauta. Saura taku uku ta faɗa wuta na danna maɓallin tsayarwa. Oga ya zo yana faɗa, “Zinariya ce a ciki?” Na ce, “Ranka ya daɗe, ta matata ce.” Har yanzu abokan aiki “Jarumi” suke kirana.

Ledar ta yage, ruwan shara ya shiga. Na shanya su a kan bututun tururi, sun bushe, sun kumbura. Na karanta wanda ba ki gama ba lokacin hutun rana. Wannan mutumin naki shafi ɗari biyu bai je aiki ba ko sau ɗaya. Ba zan gaya miki ƙarshen ba.

Ban aure ki don ki daina karatu ba. Fuskarki a kan littafi ita na fara gani. Direba zai kawo su gobe, sai dai yanzu warinmu ɗaya. Ki fesa musu turare.

Mijinki

*

Jarumi,

Assalamu alaikum. Sun iso. Ban fesa musu komai ba, suna kan matashinka.

Babi biyun nan ban buɗe su ba. Kai za ka karanta min, a zaune kusa da ni. Wanka ɗaya ya isa.

Na ce wa direba ya rage maka kujerar gaba ranar Alhamis.

Taka,
Amarya