Malaminmu Ya Tafi Ana Tsakiyar Babi, Ranar Juma'a Za a Cire Sunayenmu

Zuwa ga Mai Girma Jami'in da ke kula da tura malamai makarantun yankinmu,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da aiki, da fatan kana lafiya tare da iyali.

Ranka ya daɗe, sunana Hafsatu. Ina ajin ƙarshe a wata makarantar sakandare ta 'yan mata a ƙasar Bagudo. Ban taɓa rubuta wa babban mutum wasiƙa ba, a yi mini afuwa idan na yi kuskure. Na rubuta a fili ne domin takardar da muka bayar ta ofishin makaranta tun watan jiya ba mu ji amsarta ba.

Na ɗaya. Mu uku muka rage a darasin lissafi mai zurfi. Malaminmu ɗan bautar ƙasa ne, wa'adinsa ya cika ana tsakiyar babin ƙarshe na kalkulas. A babin nan ake zana lanƙwasasshen layi, a juya shi a kan layin kwance ko na tsaye har ya fitar da siffa kamar tasa ko tulu, sannan a lissafa abin da cikinta zai ɗauka. Darasi biyu ya yi mana, ya tafi. Yau sati bakwai ba wanda ya shigo ajin.

Na biyu. Ba zama muka yi ba. Littafi ɗaya ne a makarantar, muna karɓa-karɓa. Na haddace ƙa'idar, amma har yanzu idan aka ce a juya a kan layin tsaye sai kaina ya ɗaure, in rasa wanne zan ninka da kansa, wanne zan bari.

Ina da 'yar kawu, Rakiya, tana karatu a ƙetaren iyaka, cikin ƙasar Benin, kuma sun wuce babin nan. Kawu yana zuwa cin kasuwa wajenmu da babur, sai in ba shi littafin rubutuna ya kai mata, ya dawo da shi kasuwa mai zuwa. Tambaya ɗaya, sati guda.

Akwai wata tambaya da na yi da kaina, na samu 1.257. Da littafin ya dawo, sai na ga ta rubuta 1,257. Na karanta shi dubu ɗaya da ɗari biyu da hamsin da bakwai. Na goge aikina. Kwana tara ina sake shi, ina neman inda dubun nan ta ɓace mini, har Inna ta fara tambaya ko wani ciwo nake ɓoyewa, don na daina cin abinci sosai. Sai da Rakiya ta zo bikin suna gidanmu ta yi mini bayani: a makarantun Faransanci waƙafi suke sawa inda muke sa ɗigo. Amsata daidai ce tun ranar farko. Ita dariya ta yi. Ni na shiga ɗaki na yi kuka, domin da akwai malami, cikin minti ɗaya zai gaya mini.

Na uku, kuma shi ne ya sa na ɗauki biro. Ranar Litinin shugabar makarantarmu ta sanar a wajen taron safe cewa ranar Juma'a za a aika da sunaye da darussan jarrabawar fita, kuma duk darasin da ba shi da malami za a cire shi. Ban ga laifinta ba, tana gudun mu faɗi ne. Na so in yi magana, na ɗaga hannu ya kai kafaɗa, na sauke.

An gaya mini ko babu wannan darasi ana iya samun gurbin karatun injiniya. Wataƙila haka ne. Amma shekara biyu da rabi na yi a kansa, lokacin da ƙawayena suka bar shi ɗaya bayan ɗaya. Babi ɗaya ya rage mini.

Ga roƙona, ranka ya daɗe:

1. A turo mana malami, ko aro ne daga makarantar da ke kusa, ko da sau ɗaya a sati.

2. Kafin ya zo, a sanar da shugabarmu a rubuce cewa yana tafe, domin ta bar sunayenmu. Ta ce takarda kawai take jira.

3. Idan duka biyun ba za su yiwu ba, a bar mu mu rubuta haka nan. Na yarda in shiga in faɗi da hannuna. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a ce ban ma gwada ba.

Allah ya ƙara maka lafiya, ya dafa maka a kan wannan nauyi, ya shirya maka zuri'a. Yau Talata ce, ranka ya daɗe.

Wassalam.

'Yarka,
Hafsatu, a madadin mu uku.