Kiji a Kan Reshe

Yaya Fumie,

Ina gaishe ki da kyau. Yaya jikin Inna? Mijinki ya gyara rufin nan da ya yi alkawari tun ina da gashi a kai?

Ni lafiya lau nake a Leiden. Tarin da nake yi ba wani abu ba ne, ɗakin ne kawai ba ya shiri da rana.

Har yanzu ina gidan adana kayan tarihi, ina liƙe tsofaffin zanen tsuntsaye da takardar garinmu da kokon alkama. Kwanan nan aka kawo mini zanen kiji, zakaran dajin nan mai cara a bayan gonarmu da bazara. Baturen da ya zana shi bai taɓa ganinsa da rai ba, busasshiyar fata aka aiko masa a jirgin ruwa. Tsuntsun da a ƙasa yake yawo, sai ya ɗora shi a kan reshe kamar tattabara, jan fuskar ma ya koɗe. Na yi ta dariya. Shugabana ya ce, "Tokuji, yagar za ka liƙe, ka bar mana tsuntsunmu."

Da na koma ɗaki na ɗauki fensir in zana Inna. Na gama, na duba, sai na ga hotonta na ranar bikinki na kwafa. Ashe ni da Baturen sana'armu ɗaya.

Kin ce likita bai yi alkawarin Inna za ta kai damina ba. Na nemi hutu, in sun hana, su nemi wani mai kokon.

Ki gaya mata ina tafe kafin kiji ya fara cara. Za ta ce, "Kai, uban karatu, ina matar?" Ta yi faɗanta son ranta. Zama zan yi in kalle ta.

Ƙaninki,
Tokuji