Gidanmu Ne, Amma Sai Mun Yi Sallama

Jikokina, ga kacici-kacici: wane baƙo ne za ka kawo shi da murna, ya haye gadonka, kai ka koma kwana bakin ƙofa? Ku yi ta tunani, ga wasiƙar yau.

Kaka, ki taimake ni, asirina zai tonu. Mijina tela ne, da muna hayar ɗaki biyu lafiya lau. Ƙaninsa na yin gida, sai ya ce shi ma ba za a bar shi a baya ba. Ya karɓi gida a kan zai riƙa biya wata-wata, da kujeru da firij da labule har ƙasa. Ni kuma na yi ta tura wa dangi hotuna. Da biya ya gagara, sai muka sa ɗan haya a ciki, mu da yara da keken ɗinki muka koma ɗakin bakin ƙofa. Yanzu matar ɗan hayar ce ke miƙe ƙafa a kujerun da ko ledarsu ban cire ba. Baƙinta matar maigadi suke ce mini. Wani har ya ba mijina ɗan ihsani don ya buɗe masa ƙofa, kuma ya karɓa, Kaka! Ga shi mahaifiyata za ta zo ganin gidan. Mijina ya ce mu roƙi aron falon, mu ƙaro bashin darduma. Ya zan yi?

Mai Kwana Bakin Ƙofa

Kai, jikata! Ki ce wa angon nawa in ya sake samun ihsani a aiko mini rabona.

Kada ki ɗora masa laifin duka. Son ya ga 'ya'yansa a gidan kansu ba hauka ba ne, gasa da ƙani ce haukan. Kuma shi ya sa hannu, amma wa ya ɗauki hotunan?

Zanen aro ba ya rufe katara, balle falon aro. Wadda ta goya ki, daga sallamarki za ta gane. Ki kira ta tun ba ta taso ba ki faɗa mata gaskiya. Faɗan uwa ya fi dariyar 'yan haya sauƙi. Darduma kuwa a bar ta a kanti.

Sannan ku zauna ku duba. In kuɗin hayar na rage abin da ake bin ku, ku daure, gida zai dawo hannunku. In ba ya ragewa, ku sayar ku nemi ɗaki biyu da za ku shiga ba sallama. Allah ya rufa asiri, ya kawo wa tela ɗinki.

Baƙon nan kuwa, jikokina, bashi ne.