Lamba Biyun Mama

Kilderrin, Asabar

Yaya Malachy,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da Doreen da yara. Mu ma lafiya lau, in ban da ni da na yi abin da ya hana ni cin abinci.

Ka san shekara tara ke nan Mama tana faɗi tashi kada a rufe ɗakin shan magani na garinmu, har ta tsaya takarar kansila. Tunda ka tafi Ingila kana ɗan shekara sha bakwai ba ka taɓa jefa ƙuri'a a gida ba, bari in gaya maka yadda muke yi. Lamba ake ba 'yan takara: ɗaya, biyu, uku. Wanda ya zo ƙarshe a cire shi, a raba takardunsa ga waɗanda aka ba lamba biyu, haka har kujeru su cika.

To, Fintan ƙanen mijina ya sake tsayawa, karo na huɗu, cikin kwat ɗin nan tasa ta ɗaurin aure. Da na ɗauki fensir sai na tuna dariyar da aka yi masa wancan karon, tausayi ya kama ni. Na ba shi ɗaya, na ba Mama biyu. Na ce ai shi za a fara cirewa, takardata ta koma hannunta. Ashe rabin gari irin tausayin da suka ji ke nan. Yanzu shi da Mama ne a ƙasa, kunnen doki, kuma sai Alhamis za a sake ƙirgawa.

In aka fara cire Mama, ni na kayar da ita, Yaya. Ban gaya wa kowa ba sai kai.

Ƙanwarka,
Sorcha

Leeds, Talata

Sorcha,

Na gaishe ku. Wasiƙarki ta iso, na karanta wa Doreen sai da ta ajiye kofin shayi.

Uwar da ta haife ki kika ba lamba biyu? Nan ƙasar alama ɗaya kake yi gaban suna ɗaya, kafin gari ya waye an san wanda ya ci, wanda ya faɗi ya kwashe kayansa. Abokin aikina Bafaranshe ya ce su sau biyu suke zuwa rumfar zaɓe, wanda ya yi wauta a zagayen farko ya gyara a na biyu. Ku kuwa kun mai da zaɓe rabon naman biki, kowa sai an ɗan yaga masa don kada ya yi fushi.

Raina ya ɓaci ƙwarai. In ta faɗi, ki je ki gaya mata da bakinki, in ba haka ba ni zan gaya mata.

Yayanki,
Malachy

Kilderrin, Juma'a

Yaya,

Ina gaishe ka, ko da yake gaisuwar taka ba ta cika layi ɗaya ba.

Kafin ka ƙara yi mana gori, ba kai ka ce mini ɗan majalisarku ya ci alhali mutum biyu cikin uku ba sa son ganinsa ba? Ga kuma majalisar dattawanku da ba wanda ya zaɓe ta. Mu dai muna da jan ƙafa, amma takardar mutum ba ta mutuwa da wuri.

An sake ƙirgawa jiya. Ina tsaye bayan igiyar da aka tare 'yan kallo da ita, aka tsinci takardu biyu na Mama da suka maƙale cikin damin wani. Aka cire Fintan. Da aka buɗe takardunsa, kusan duk Mama ce lamba biyu. Daga nan ta yi ta hawa har ta kama kujerar ƙarshe. Fintan ne ya fara ɗaga hannunta, yana cewa, "Yau dai ƙuri'una sun yi amfani, Gwaggo."

Na zauna a kan matakala na sha kuka, daga nan na ci dankali faranti biyu. Don Allah kada ka gaya mata.

Ƙanwarka,
Sorcha

Kilderrin, Lahadi

Ɗana Malachy,

Ina gaishe ka da iyali. Na gode da furannin da ka aiko.

Na san Sorcha ta rubuta maka, na kuma san halinka, to ka ƙyale ta. Tun ranar farko na hango takardarta a kan teburin ƙirga. Ni na koya mata rubutu, na san karkataccen biyun nan nata. Ban ce mata komai ba, don sau uku ke nan tana wanke mini tagogi.

Ba ni da bakin yi mata faɗa. Ni ma Fintan na ba ɗaya.

Allah ya yi maka albarka.
Mama