Ƙarfen da Baba Ya Karya

Litinin, 4 ga Maris
Baba ya dawo daga tashar nukiliya, ko abinci bai taɓa ba. Yau ya gwada guntayen ƙarfen da aka rataye cikin babbar tukunyar tashar tun ba a haife ni ba. Irin ƙarfen jikinta ne, akan ciro su a buga da guduma a ga lafiyarta. Lafiyayye lanƙwasa yake kafin ya karye. Waɗannan kuwa tas, kamar tangaran.

Na ce ƙarfe yana tsufa ne? Ya ce, "Uwata, kin tuna bokitin robar da ya shekara a rana?" Wai wasu ƙwayoyi ne da ido ba ya gani suke ta dukan ƙarfen har ya yi gautsi.

Alhamis, 7 ga Maris
In Baba ya sa hannu a rahoton gwajin ƙarfen za a rufe tashar. Duk layinmu a nan suke ci.

Lahadi, 10 ga Maris
Gajeriya ta aiko a karɓi littattafan soyayyarta, har wanda nake tsakiyarsa, saura kaɗan jarumin ya gane jarumar ce ke rubuto masa wasiƙun. Babanta direban tashar ne. Ita kaɗai ce ƙawata. Ita ke yi min magana a aji in malami ya tsare ni da ido. Yanzu wa?

Talata, 12 ga Maris
Na roƙe shi. Ina goge masa takalmi don kada mu haɗa ido, na ce Baba don Allah ka rubuta cewa tukunyar da sauranta, ko shekara biyu. Umma ta ce, "Ke, bakinki!" Shi kuwa ya ce in tukunyar ta tsage ba aiki kaɗai za a rasa ba, kuma tagar ajinmu tashar take kallo.

Na yi kuka har kaina ya yi ciwo. A littafi da tuni wani ya zo da mota ya gyara komai.

Juma'a, 15 ga Maris
Ya sa hannu. Maƙwabta ba sa amsa gaisuwar Umma. Wayyo ni.

Laraba, 20 ga Maris
Lokacin hutun tara a makaranta Gajeriya ta nuna ni ta ce a gaban kowa, "Babanta dai fasa ƙarfe ya iya, ga shi ya fasa gari." Aka yi dariya.

Ban san sa'ad da na miƙe ba. Na ce ba shi ya lalata ƙarfen ba, dubawa kawai ya yi, kuma ya duba ne har don ke. Muryata na rawa, abin kunya. Wata ta kwaikwaye ni.

Ba wai na huce da Baba ba ne. Amma da ya dawo ni na kai masa ruwa, na zauna har ya shanye.