Kwalekwalen Hajiya 'Yardada

Koki, Kano
Talata

Zuwa ga uwargidana Shamsiyya,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da Inna da abin da ke cikinki. Allah ya sauke ki lafiya.

Bayan haka, na samu kwalekwalen da muke nema, a inda ba za ki zata ba: tsakar wani gida a Goron Dutse, a kife kan bulo, kaji na shan inuwarsa. Na Hajiya 'Yardada ne, wata dattijuwa da mijinta ya rasu. Na ƙwanƙwasa katakon ciki da bai, ban ji ruɓa ba. Ta sallama mini ba ja-in-ja. In Allah ya yarda, ranar naƙudarki ba za mu zagaye ruwan dam ɗin garinmu a kan babur kafin mu kai asibiti ba.

Naki,
Isiyaku

Koki, Kano
Juma'a

Shamsiyya,

Ina gaishe ki, ya ƙarfin jiki? Wannan takardar da nauyin zuciya na rubuta ta.

Da na je da mai mota, Hajiya ta kira ni soro. Ta ce tun Talata abinci ya ƙi shigar mata. Ashe kwalekwalen nan ya taɓa kifewa da mijinta, Malam Ɗalha, ranar wata kasuwa. Na mutum takwas ne, aka loda sha huɗu. Biyar ba su fito ba, har da shi. Ita ta sa aka kawo shi birni don kada kowa ya ƙara shiga. Yanzu za ta koma hannun 'yarta, babu wurin ajiye shi. Ta ce in na fasa, ba ta ga laifina ba.

Na daɗe zaune, ke nake tunani. Na tashi na sake duba shi. Ba katako ne ya ci amana ba, lodi ne. Na ce ina so. Sai ta sa na yi mata alkawarin ba zan taɓa ɗaukar mutum na tara ba, ko da mahaifiyata ce a bakin ruwa. Na yi.

Ki faɗa wa Inna da mutanen gari kafin in iso, wanda zai shiga ya shiga da saninsa. Ke ma ba zan matsa miki ba.

Mu goma muka fitar da shi ta lungu a kafaɗa. Hajiya ta biyo mu har bakin titi, ta miƙa mini filafilin da Malam ke tuƙi da shi, ta juya ta koma gida.

Ki sa su biyar ɗin nan a addu'a.

Mijinki,
Isiyaku